Don Dai Alhaji Mahfuzu

A Unguwar Fatake ta Garuwa, a arewacin Kamaru, a gefen hanyar da ke gangarawa zuwa Binuwai, akwai wata doguwar katanga mai farin fenti. A jikinta ta waje an bar kan famfo guda ɗaya, a samansa kuma an kafa allon ƙarfe mai rubutun Faransanci. Katangar ba ta daɗe ba. Allon ya girme ta, burtsatsen da ke ba famfon ruwa ya girmi allon, rijiyar da ke rufe a bayan katangar kuwa ta girme su duka. Mutumin da ya haƙa rijiyar yana nan da ransa. Sunansa Malam Sulaimanu, gidansa ne na uku daga wurin. Abin da ke biye tarihinsa ne a taƙaice, kamar yadda na tattara daga bakinsa, da bakin matarsa Kaltumi, da na maƙwabcinsu Misye Patrice, da kuma kwafin wata takarda mai shafi biyu da zan zo kanta a gaba.

An haifi Sulaimanu a Bogo wajen shekarar 1955, ko da yake shi kansa ba ya rantsuwa a kan shekarar. Mahaifinsa mai haƙar rijiya ne. Mahaifiyarsa 'yar Garuwa ce, jikar fataken da suka zo daga ƙasar Kano da kanwa da tufafi suka zauna. Tun yana ƙarami ya koyi sana'ar uban: yadda ake duban itatuwa da suri a san inda ruwa yake kusa, yadda ake ɗanɗana ƙasa a harshe, da yadda ake zura fitila mai wuta cikin rami kafin mutum ya sauka. Idan fitilar ta mutu a ƙasa, ranar babu shiga. Ya ce mini mahaifinsa bai taɓa dukansa ba sai sau ɗaya, ranar da ya sauka bai zura fitila ba.

Da mahaifin ya rasu, ya taho Garuwa wurin kawunsa, yana da kimanin shekara ashirin. A gidan kawun ya tarar da Mahfuzu, ɗan kawun, wanda Sulaimanu ya ba shekara takwas. Ɗan mace da ɗan namiji, wato taubasai ke nan, kuma al'ada ta ba su izinin su tsokani juna iyakar ransu ba tare da an riƙe kowa da laifi ba. Mahfuzu ya raɗa masa Gafiya saboda shiga rami. Shi kuma ya raɗa wa Mahfuzu Tulu, domin tun yana yaro yake da tumbi. Kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma fiye da shekara arba'in ba su taɓa gaisawa irin ta sauran mutane ba.

A shekarar 1979 wata dattijuwa mai fataucin goro, Hajiya Zenaba, ta kira shi ya haƙa rijiya a filin da ke bayan gidanta, inda a da ake ɗaure jakunan fatake. Ranar da zai sa dagi, ta tara limamin unguwa da jauro, wato mai unguwa, da dattawa biyu, ta ce musu filin na ruwa ne, ba na ɗanta ba ne, ba na jikanta ba ne, duk mai ƙishirwa nasa ne. Aka yi addu'a aka watse. Ba a rubuta kome ba, domin a lokacin babu wanda ya ga dalilin rubuta abin da liman ya ji da kunnensa. Sulaimanu ya sami ruwa a gaba tara. Hajiya Zenaba ta rasu, 'ya'yanta suka sayar da gidan suka koma Ngaundere, amma ba su taɓa filin ba. Liman da jauro da dattawan nan biyu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin waɗanda suka ji maganarta, Sulaimanu kaɗai ya rage.

Bayan annobar amai da gudawa ta 2010, mutanen unguwa suka yanke shawarar rufe rijiyar su tona foraj, wato rijiyar burtsatse, a gefenta. Aka kafa kwamiti. Misye Patrice, malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya shekara talatin a unguwar har Hausarsa ta nuna, shi ya rubuta wasiƙun neman izini. Mata suka ɗebo yashi daga bakin kogi, masu mashin suka yi jigilar tsakuwa, magina suka yi aiki kyauta, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Aka sa famfon tuƙa-tuƙa, aka zagaye shi da waya, aka sa kwaɗo. Da aka zo batun wanda zai riƙe mabuɗi, kwamitin ya yi zama uku bai daidaita ba.

Dalilin rashin daidaitawar shi ne unguwar ta riga ta rabu biyu. Ba zan ambaci sunayen jam'iyyun ba. A unguwar ma ba a cika ambatonsu ba, sai dai a ce 'yan Tudu da 'yan Gangare, saboda ofishin ɗaya yana saman hanya, na ɗayar yana ƙasa wajen kogi. Ɗan Tudu ba ya sayen tsire wurin ɗan Gangare, kuma an taɓa fasa ɗaurin aure a kan atamfar da uwar ango ta ɗauro. A zama na huɗu aka miƙa wa Sulaimanu mabuɗin, domin shi ne ya haƙa rijiyar farko, kuma babu wanda ya taɓa jin inda yake jefa ƙuri'arsa. Duk atamfar jam'iyyar da aka kawo gidansa, Kaltumi takan karɓa ta yi godiya, ta ɗinka rigar katifa da ita. Shekara bakwai yana buɗe famfon bayan sallar asuba, ya rufe da azahar, ya sake buɗewa da la'asar. A layin jarkoki babu Tudu babu Gangare, wanda ya riga shi ke ɗiba.

A waɗannan shekarun Mahfuzu ya zama Alhaji Mahfuzu, mai manyan motocin da ke ɗaukar siminti da shinkafa zuwa Kuseri. Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba marowaci ba ne. Ya kai marasa lafiya asibiti, ya rufa wa masallacin unguwa kwano. Shi ne kuma jigon 'yan Tudu, kuma kowa ya san yana neman kujerar kansila. A bazarar 2018 famfon tuƙa-tuƙa ya karye, kwamitin ya kasa zama domin rabinsa ba ya shiga ɗakin da ɗaya rabin yake. Cikin mako biyu Alhaji Mahfuzu ya kawo inji mai aiki da hasken rana, da tanki a kan ƙafafun ƙarfe, da kawunan famfo huɗu. Unguwa ta yi murna, har da 'yan Gangare a ɓoye. Ranar buɗewa aka yaye ƙyalle daga kan allo, aka ga an rubuta da manyan baƙaƙe: DON DE EL HADJ MAHFOUZOU AUX POPULATIONS.

Kaltumi ta yi ajin yaƙi da jahilci, tana iya haɗa baƙi amma ba ta jin Faransanci. Ta tsaya gaban allon da tulunta, ta karanta a hankali yadda matan da ke bayanta za su ji.

"Don... de... Alhaji Mahfuzu." Ta juyo. "To, kun ji. Don dai Alhaji Mahfuzu. Ku kwashe jarkokinku, ashe ba don mu aka yi ba."

Matan suka yi ta dariya har wata ta zubar da ruwanta. Misye Patrice ya matso ya bayyana musu cewa a Faransanci kalmar "don" tana nufin kyauta, kuma abin da allon ya ce shi ne kyautar Alhaji ga jama'a.

"Misye, kai ka karanta da naka bakin, ni na karanta da nawa," in ji Kaltumi.

Maganar ta zauna a unguwa. Yaro ya hana ƙaninsa rake sai a ce masa don dai Alhaji Mahfuzu. Wanda ya fi kowa jin daɗinta shi ne Sulaimanu, domin ta ba shi sabon makami. Kowace safiya motar Alhaji takan rage gudu a bakin famfo, gilashi ya sauka.

"Gafiya, an fito daga rami?"

"Tulu, sauko ka sha ruwanka. Don dai kai aka yi, mu bayi muna gadi."

"Ka dai riƙe mini mabuɗin da kyau, bawana."

Haka suka yi fiye da shekara. A cikin wannan lokacin an ga wasu abubuwa da ba a haɗa su wuri ɗaya ba sai daga baya. Wani baƙo ya zo daga Duwala ya cika ƙananan kwalabe da ruwan foraj ya tafi da su. Wasu mutum biyu suka zo da na'urar awo mai ƙafa uku, suka auna filin har bayan tsohuwar rijiya. Motar Alhaji ta sauke bulo a gefen hanya, aka ce na gyaran masallaci ne, amma bulon ya kwana damina guda a wurin. Sulaimanu ya ce mini ya ga duk wannan, kuma kowane sau ya tsokani Alhaji a kai, Alhaji ya rama, aka yi dariya.

Wata Talata a watan Nuwamba, wata uku kafin zaɓen kansiloli, aka kafa rumfa da kujeru a filin. An sanar da unguwa cewa hukuma za ta zo ta shigar da foraj cikin takardun gwamnati. Wannan ba ƙarya ba ne, amma ba shi ne dukan gaskiya ba. Alhaji Mahfuzu ya nemi a ba shi takardar mallakar filin, kuma masu zuwan aikinsu shi ne su ga wanda ya raya wurin, su ji ko akwai mai jayayya. Misye Patrice ba ya gari, ya tafi jana'izar ɗan'uwansa a Gidar. Shugaban 'yan Gangare na unguwar, wani mai shagon kayan mashin da ake kira Habib, ya hana mutanensa zuwa, domin rumfar ta 'yan Tudu ce. Saboda haka waɗanda suka cika kujerun duk atamfa ɗaya suka sa.

Da hantsi baƙin suka iso: wakilin hukuma, da jami'in filaye, da wata mata mai rubutu. Babu mai jin Hausa a cikinsu. Tafintansu masinjan ofis ne, Fulatanci ne harshensa, Hausarsa kuwa ta ciniki ce, wadda ta isa sayen albasa. Suka duba tanki da inji, suka karanta allo. Sannan jami'in filaye ya tambaya ko akwai dattijon da ya san asalin wurin. Jauro na yanzu, jikan wancan, ya nuna Sulaimanu.

Tafinta ya ce, "Baba, sun ce wannan wuri na wane ne?"

Alhaji Mahfuzu yana zaune a kujerar gaba cikin babbar riga, ya ɗaga masa gira yana murmushi. Sulaimanu ya ce mini a wannan lokacin bai ga hukuma ba, Tulu kawai ya gani ya hakimce a gaban jama'a, kuma bai ga dalilin barinsa ya tashi lafiya ba. Ya nuna allon da mabuɗin da ke hannunsa.

"Kai ma ka iya karatu, ga shi nan a rubuce. Don dai Alhaji Mahfuzu. Shi ya haƙa da farcensa, shi ya ɗebo yashi a kansa. Mu nan duk bayinsa ne, ni gadi kawai nake yi."

Rumfa ta kece da dariya, har Alhaji yana share hawaye da hannun riga. Tafinta ya juya ya yi magana da Faransanci. Matar ta rubuta. Jami'in ya tambaya ko akwai mai jayayya, tafinta ya maimaita, mutane suna ta dariya ba su gama ba. Aka kawo tawada, jauro ya sa hannu, aka ce dattijo ma ya dangwala yatsa a matsayin wanda ya halarta. Ya dangwala. Aka raba lemo.

Na karanta kwafin takardar. A shafi na biyu an rubuta cewa mai gadin wurin, dattijo ɗan kimanin shekara sittin da biyar, ya shaida a gaban jama'a cewa wurin na mai nema ne, wato Alhaji, shi kaɗai, cewa mai nema ne ya haƙa shi, kuma shi ma'aikacinsa ne. An ƙara da cewa jama'a sun amince cikin farin ciki. Ban sami shaidar cewa tafintan ya yi da gangan ba. Ya fassara kalmomin da ya ji daidai. Abin da bai fassara ba shi ne dangantakar da ke tsakanin mutanen biyu, kuma babu wanda ya tambaye shi ita.

Kafin mako ya zagayo aka dasa duwatsun iyaka huɗu na siminti a kusurwoyin filin. Da Misye Patrice ya dawo ya gan su, bai shiga gidansa ba, ya hau mashin zuwa ofishin filaye. Da yamma ya zauna a zauren Sulaimanu ya fassara masa shafi na biyu kalma bayan kalma. Kaltumi tana jin su daga tsakar gida. Ta ce mini da aka gama sai mijinta ya tashi ya ɗauki buta ya yi alwala, alhali da alwalarsa. Misye Patrice ya gaya musu cewa da zarar an lika sanarwa, akwai kwana talatin na kai ƙorafi, bayan nan ƙofa ta rufe.

Sulaimanu ya fara da Alhaji. Ya same shi a garejin motocinsa bayan sallar azahar, yana cin abinci a kan tabarma.

"Gafiya, hancinka ya jiyo miya. Zauna, bawa ma yana da rabo."

"Mahfuzu, wurin ruwa na zo. Filin Hajiya Zenaba ne, ta bar wa masu ƙishirwa. Ina tsaye ta faɗa."

"Ai kai ka gaya wa hukuma nawa ne. Mutum ɗari sun ji."

"Wasa na yi, ka kuma san wasa ne."

Alhaji ya ajiye cokali. "Bari in gaya maka. Fili marar takarda a garin nan na wanda ya riga zuwa ofis ne. In ban karɓa ba, gobe wani zai karɓa, wanda bai san Hajiya Zenaba ba, bai san ka ba. Kwamitinku ya kasa gyara ƙarfe ɗaya. Gara a hannuna. Muddin ina raye ruwa ba zai yanke wa unguwa ba."

"In ka mutu fa? In ka yi fushi fa?"

"Ka ji mugun bawa, har ya fara yi mini fatan mutuwa."

"Ba wasa nake yi ba."

"Haka kake cewa tun muna gidan Baba," in ji Alhaji, ya tura masa kwanon nama.

Sulaimanu ya ce mini ya nemi wata murya da zai yi wa mutumin nan magana da ita ya rasa, domin a tsakaninsu ba a taɓa yin wata ba.

Misye Patrice ya rubuta wasiƙar ƙorafi da sunan kwamitin foraj, aka bar wurin sa hannun mutum goma sha biyu. Jauro ya ce shi uban kowa ne, ba zai shiga ba. 'Yan Tudu shida na kwamitin suka karɓi Sulaimanu da mutunci, kuma biyu daga cikinsu sun yarda a gabansa cewa abin bai yi daidai ba. Amma suka ce ba a ɗaga irin wannan magana a kan ɗan takara ana saura wata biyu zaɓe, a bari a wuce, sai a zauna a gyara a cikin gida. Ya ce musu kwana talatin ba sa jiran zaɓe. Suka ce Alhaji nasu ne, ba zai ci amana ba.

Habib kuwa ya tashi tsaye ya karɓi wasiƙar da hannu biyu.

"Baba, ka kawo ta inda ya dace. Bar mini ita in tara sa hannun mutanenmu."

Aka buga kwafinta ɗari-ɗari. Aka karanta ta da lasifika a kowane taron 'yan Gangare, ana kiran sunan Sulaimanu ana tafi. Duk ranar da ya je karɓarta sai a ce saura mutum ɗaya. A rana ta ashirin da shida da lika sanarwa, Sulaimanu ya tsare Habib a shagonsa.

"Ɗana, ba ni takardar ko da hannu uku ne."

"Baba, yi haƙuri. In aka gyara yanzu, Alhaji zai ce kuskure ne, ya janye, ya fito da farin jini. Bari ya haɗiye tukuna kowa ya gani. Muna cin zaɓe za mu sa ya amayar da shi."

"In ba ku ci ba fa?"

"Za mu ci, in sha Allahu."

A rana ta ashirin da tara Sulaimanu ya tafi ofishin filaye da sabuwar wasiƙa mai ɗauke da yatsansa da sa hannun Misye Patrice. Ma'aikacin ya karɓa, ya buga hatimi, sannan ya ciro waccan takarda mai shafi biyu ya ajiye su gefe da gefe. Yatsa ɗaya ne a ƙarƙashin magana biyu masu karo da juna. Ya tambaya ko akwai wani mai rai da ya ji wasiyyar matar. Babu. Ya tambaya ko kwamitin yana bayan ƙorafin. Hannu biyu ne kawai a kan wasiƙar. Amsar da ta zo daga baya gajeriya ce: mai ƙorafin ya riga ya shaida akasin haka a gaban jama'a, kuma babu wata hujja sabuwa.

Alhaji Mahfuzu ya sami kujerarsa. Amma a akwatin makarantar Unguwar Fatake, 'yan Gangare ne suka fi ƙuri'a, kuma an lika sakamakon a ƙofar aji kowa ya gani. A watan Maris bulon nan da ya kwana damina ya tashi ya zama katanga. Tanki da inji da kawunan famfo uku da tsohuwar rijiya suka koma ciki. Aka jawo bututu ɗaya waje, aka ciro allon aka kafa a samansa. Aka kawo injin ɗura ruwa a leda, ya fara aiki. Babu wanda ya karɓi mabuɗi daga hannun Sulaimanu. Wata safiya dai ya zo ya tarar babu wayar, babu kwaɗon, sai ƙofar ƙarfe da mai gadi baƙo.

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garuwa ke hana mutum taka ƙasa ba takalmi, famfon waje ya ƙafe. Mai gadi ya ce inji ne ya lalace. Maƙwabta sun ce suna jin ƙarar injin leda daga safe har yamma, kuma kekuna masu ƙafa uku suna fita da kaya. Ban iya tabbatar da dalilin yankewar ba, kuma Alhaji ya ce mini gyara ne. Abin da na tabbatar shi ne kwana tara aka yi. Mata suka koma gangarawa Binuwai da jarkoki, yara biyu suka kwanta da gudawa. A rana ta tara dattawan unguwa, har da na Gangare, suka sa manyan riguna suka tafi taya Alhaji murnar cin zaɓe, abin da ba su yi ba a baya. Washegari ruwa ya dawo. Daga cikin shagunan da ke sayar da ruwan ledar a yau akwai na Habib.

Bayan wannan Sulaimanu ya ciro dagin mahaifinsa da igiya da fitila, ya fara haƙa a tsakar gidansa. Yana sauka da sassafe, ya fito kafin rana ta yi tsaka, maƙwabta suna karɓa-karɓa wajen jan ƙasa. Yana cikin wannan aiki Alhaji Mahfuzu ya zo gidan, karo na farko tun bayan zaɓe. Kaltumi ta shimfiɗa masa tabarma. Ya leƙa ramin ya yi dariya.

"Gafiya, tsufa bai hana ka ba? Fito, bawana, na zo maka da aiki. Ka dawo ka kula mini da famfon waje, ka fi kowa sanin mutanen nan."

Aka jawo Sulaimanu. Ya karkaɗe ƙasar jikinsa, ya wanke hannu, ya zo gefen tabarma ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Alhaji. Barka da zuwa. Ina gajiya, ina iyali?"

"Kai, Gafiya, mene ne haka?"

"Allah ya ƙara girma. An gode da tunawa da mu. Ƙarfi ne ya ƙare, ranka ya daɗe, a ba wani."

Kaltumi ta ce mini Alhaji ya jira, yana duban bakin mijinta, ko sunan Tulu zai fito. Sulaimanu bai ɗaga kai ba. Alhaji ya ƙara tsokana biyu, kowacce aka amsa masa da addu'a. Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba. A zaure ya tsaya ya ce da ita, "Yaya Kaltumi, gaya masa ya zage ni." Ta ce za ta gaya masa. Tun daga ranar, duk inda suka haɗu, a masallaci ko a wurin jana'iza, Sulaimanu ne ke fara gaisuwa, da cikakken ladabi.

Ranar da na je gidan na ƙarshe, ramin ya kai gaba goma sha ɗaya, ya wuce zurfin da ya sami ruwa a 1979 da gaba biyu. Ya ɗebo mini ƙasar ƙarshe a tafin hannu, yashi ne mai ɗan sanyi wanda ba ya dunƙulewa. A ganinsa injin da ke bayan katanga ne ke shanye ruwan ta ƙasa. Ni ba masanin wannan fanni ba ne, na rubuta ne kamar yadda ya faɗa. Fitila dai ba ta mutu ba tukuna, saboda haka gobe ma zai sauka.

Da na fito na bi ta gaban famfon. Layin jarkoki ya kai kwanar hanya, ba a hayaniya, kuma ban ji wanda ya karanta allon ba. An fara maganar zaɓe mai zuwa. Mai shagon da ke kallon katangar ya ce mini tun watan jiya manyan jarkoki suke ƙarewa a wurinsa, matan Tudu da na Gangare duk suna saye don tanadin ruwa.